Tafo: Wa ke da ta cewa idan gidan abincin saye-daga-mota ya nemi fili a bakin titi?

Gidajen abincin da mutum ke saya yana zaune cikin motarsa suna ƙaruwa a Accra da Kumasi. A Tafo, inda zango da kasuwa da tasha da maƙabarta suka haɗa hanya ɗaya, ikon ba da izinin irin wannan gini ya koma hannun ƙaramar hukumar da aka ƙirƙiro a 2018. Wannan sharhi ya duba yadda ake yanke hukuncin, da ƙofar da muryar mutanen zango za ta iya shiga ta cikinta.

A shekarar 2011 kamfanin KFC ya buɗe reshensa na farko a Ghana, a unguwar Osu da ke Accra, ta hannun Masco Foods na rukunin kamfanonin Mohinani. Daga nan rassa suka bazu zuwa Tema da Kumasi da Takoradi da Tamale, wasu masu soyayyar kaza da fiza, na gida da na waje, suka bi sahu. Da yawa daga cikin sababbin rassan an gina su ne da wata siffa ta daban. Mota ta shigo ta ƙofa ɗaya, direba ya faɗi abin da yake so ta lasifika, ya zagaya ya biya kuɗi ta taga, ya karɓi ledarsa ya fita ta wata ƙofar, inji bai mutu ba. Masu Faransanci suna ce masa "drive". A nan za mu kira shi gidan abincin saye-daga-mota.

Asalin abin daga Amurka ne. Kamfanin In-N-Out ya fara amfani da lasifikar karɓar oda a Kalifoniya a 1948, McDonald's kuma ya buɗe tagarsa ta farko a Sierra Vista ta jihar Arizona a 1975. Yau kusan kashi 70 cikin 100 na cinikin McDonald's a Amurka ta wannan taga yake bi. An ƙirƙiri tsarin ne domin ƙasar da kusan kowane gida ke da mota, kuma bukatunsa ba sa canzawa duk inda ya je: babban titi mai yawan zirga-zirga, ƙofar shiga da ta fita, layin da motoci za su jeru, da wurin fakin. A sabuwar unguwa wannan abu ne mai sauƙi. A tsohuwar unguwa mai cunkoso kuwa, sai an sayi gidajen mutane an rushe, ko a raɓa da gidan mai, sannan a share duk mai tebur da mai rumfa da ke gaban filin.

Hanyar da ta haifi zango

Tafo da ake magana a kai ita ce Old Tafo, a arewacin tsakiyar Kumasi, maƙwabciyar Suame mai shahararren garejin nan na Magazine. Hanyar da ta ratsa ta ita ce mai zuwa Mampong, ta wuce Ejura da Atebubu har Yeji a bakin ruwan Volta, inda ake tsallakawa a nufi Salaga. Wannan ce tsohuwar hanyar goro da fataken Kano da Katsina suka bi shekara da shekaru. Bayan yaƙin basasar Salaga na 1892 da shigar Turawan Ingila Kumasi a 1896, 'yan kasuwar arewa suka gangaro suka zauna, zanguna suka kafu a gefen gari. Zangon Tafo ɗaya ne daga cikin waɗanda suka bunƙasa yayin da birnin yake faɗaɗa, kuma a cikinsa akwai Hausawa da Mosawa da Dagombawa da Zabarmawa da Kotokoli da sauransu, Hausa ce ke haɗa su a kasuwa da masallaci.

Har zuwa 2018 Tafo ɓangare ce ta babbar hukumar birnin Kumasi, wato KMA. A watan Maris na wannan shekara aka yanke sababbin ƙananan hukumomi biyar daga jikinta: Oforikrom, Kwadaso, Asokwa, Suame da Old Tafo. Kafin su, a 2012, an riga an cire Asokore Mampong, mai ɗauke da Aboabo da Asawase da Sawaba. Ƙidayar 2021 ta nuna mazauna ƙaramar hukumar Old Tafo sun haura 110,000.

Ma'anar wannan sauyi ga mai gida da mai teburin waakye ita ce, hukuncin abin da za a gina a bakin hanyar Mampong ya dawo kusa da ƙofarsu. A da sai a je Adum, a bi layi da mutanen birni baki ɗaya. Yanzu waɗanda za su sa hannu mutane ne da ake haɗuwa da su a jana'iza da wurin suna. Kusancin nan dama ce, amma ga wanda ya san lokacin magana.

Yadda takarda ke tafiya

Dokoki biyu na shekarar 2016 su ne ginshiƙi. Dokar Ƙananan Hukumomi mai lamba 936 ta ce majalisar ƙaramar hukuma, wadda mutanen zango ke kira asambili, ita ce hukumar tsara gari a yankinta, kuma ba a yin gini sai da rubutaccen izininta. Dokar Amfani da Ƙasa da Tsara Filaye mai lamba 925 kuma ita ta fayyace wanda zai duba takardar da ma'aunin da zai yi amfani da shi. Ƙa'idojin aiwatar da ita sun fito a 2019.

Mai son gini zai kai takardunsa sashen tsara filaye na ƙaramar hukuma: shaidar mallakar fili, taswirar wurin, zanen ginin da ƙwararre ya sa wa hannu. Idan gidan abinci ne na bakin babban titi, akwai bakin hukumar kashe gobara, da hukumar kare muhalli, da sashen kula da titunan birni, wanda zai iya neman a kawo rahoton yadda ginin zai shafi zirga-zirga. Lasisin dafa abinci da sayar da shi wani mataki ne daban, yana hannun hukumar abinci da magunguna da hukumar yawon buɗe ido.

Da farko ƙaramin kwamitin ƙwararru ne ke zama a kan takardar, ya je ya ga wurin, ya rubuta shawara. Daga nan sai ta hau teburin Kwamitin Tsara Filaye na ƙaramar hukuma, mai ikon amincewa, ko ƙi, ko amincewa bisa sharaɗi. Shugaban ƙaramar hukuma ne ke jagorantar kwamitin, shugaban sashen tsara filaye shi ne sakatare. Akwai jami'an ayyuka da na hanyoyi da na kare bala'i, da wakilin Hukumar Filaye, da na kare muhalli, da wakilin majalisar sarakunan gargajiya ta yankin, da wasu daga cikin kansilolin da jama'a suka zaɓa.

Mai karatu ya sake duba wannan jeri. Babu kujerar da doka ta ware wa sarkin zango, ko limami, ko shugabar mata masu sayar da abinci. Majalisar gargajiya da doka ke nufi ita ce ta masu ƙasa, wato ta Asante. Shugaban ƙaramar hukuma kuma shugaban ƙasa ne ke naɗa shi, sai kashi biyu cikin uku na 'yan majalisar da suka halarta su tabbatar. Ƙuri'ar raba-gardamar da aka shirya a Disamban 2019 kan shigar jam'iyyu zaɓen ƙananan hukumomi an soke ta kafin ranar. Ɗan majalisar dokoki na mazaɓar, wanda a yanzu shi ne Vincent Ekow Assafuah na jam'iyyar NPP, yana zama a asambili amma ba shi da ƙuri'a. Saboda haka ƙofar da ta rage wa talakan zango ita ce kansilan unguwarsa, wanda ake kira asambiliman, da rubutaccen ƙorafi.

Akwai kuma maganar lokaci. A tsohon tsarin ƙa'idojin gini na 1996 hukuma tana da wata uku ta ba da amsa. Sabon tsari ya rage wa'adin zuwa kwana 30 na aiki, domin a sauƙaƙa wa masu zuba jari. Wannan ya yi wa mai gini daɗi, sai dai ya taƙaita lokacin da maƙwabta za su ji labari su shirya. Duk wanda ya jira har ya ga an kewaye fili da kwano, an sauke yashi, to ihunsa bayan hari ne.

Ƙasar wa ake magana a kai?

A yankin Ashanti mafi yawan ƙasa ta kujerar sarauta ce. Sarkin gari, kamar Tafohene, shi ke ba da fili a ƙarƙashin ikon Asantehene, kuma abin da mai karɓa ke samu haya ce ta dogon lokaci, galibi shekara 99 idan gidan zama ne. Tsarin mulkin 1992 ya hana sayar da irin wannan ƙasa sayarwa ta har abada, ya kuma taƙaita wa wanda ba ɗan ƙasa ba shekara 50 a lokaci guda. Sashe na 267 ya raba kuɗin da ake samu: kashi 10 na ofishin mai kula da filayen sarauta, abin da ya rage kuma kashi 25 na kujerar, kashi 20 na masarauta, kashi 55 na ƙaramar hukuma. Wannan sashe ya ƙara da wani sharaɗi da ba kowa ya sani ba: ba a ba da filin sarauta ko a gina shi sai Hukumar Filaye ta yankin ta tabbatar cewa abin ya dace da tsarin garin da aka amince da shi. Ke nan yardar fada kaɗai ba ta isa ba, haka nan izinin gini ba ya mayar da wanda ba shi da fili mai fili.

A nan ne raunin zango yake. Gidaje da yawa an ba kakanni filinsu da baki, ko da 'yar takardar fada da ta tsufa, ba a taɓa kai ta rajista ba. Gidan ya zama na gado, magada goma ko ashirin, wasu a Kumasi, wasu a Abidjan ko Jamus, ɗakunan kuma cike da 'yan haya. Idan mai kuɗi ya zo da tayin da ya fi ƙarfin kowa, magada biyu ko uku suna iya ƙulla ciniki, 'yan haya su ji labari a ƙarshe. Dokar haya ta 1963 ta hana karɓar kuɗin gaba fiye da na wata shida, amma kowa ya san a Kumasi ana neman na shekara ɗaya ko biyu. Mai tura baro ko mai sayar da koko da aka tasa daga ɗaki a Tafo, da wuya ya sami wani a kusa da inda yake neman abinci.

Mutanen Tafo sun riga sun ga abin da rashin fayyace iyaka ke jawowa. A watan Fabrairun 2016 rikici ya ɓarke kan katangar da matasan Musulmi suke ginawa a ɓangarensu na maƙabartar Tafo, bayan da ɓangaren masarautar garin ya ƙalubalanci aikin. An rasa rai, an lalata dukiya, aka sa dokar hana fita, har sai da Asantehene Otumfuo Osei Tutu II da Babban Limamin Ƙasa Sheikh Osman Nuhu Sharubutu suka sa baki ƙura ta lafa. Katanga ce kawai, amma tambayar da ke ƙarƙashinta ita ce wadda za ta taso a kowane babban gini: wa ya ba da izini, kuma an tambayi wa?

Riba da hasara a ma'auni

Ba adalci ba ne a ɗauki irin wannan gidan abinci a matsayin annoba. Yana ɗaukar matasa aiki da albashin wata, abin da ke da wuya a unguwar da yawancin samari ke tsakanin gareji da tuƙin pragya, ɗan'uwan a-daidaita-sahu. Yana kawo haske da dare, da makewayi mai tsabta, da aikin kai saƙo ga masu babur. Ga ƙaramar hukuma kuma kuɗin shiga ne tabbatacce: kuɗin izinin gini, harajin kadara, lasisin kasuwanci na shekara-shekara. Sabuwar hukuma kamar ta Old Tafo, wadda kasonta daga asusun tarayya na ƙananan hukumomi kan yi jinkirin zuwa, tana da dalilin yin maraba da mai biyan haraji da takarda. Manufar gwamnatin John Mahama ta tattalin arzikin awa 24, wadda aka ƙaddamar a Yulin 2025, ita ma tana ƙarfafa kasuwancin da ba ya rufewa da dare.

Sai dai nauyin abin ba ya sauka daidai a kan kowa. Na farko shi ne titi. Yawancin masu bin hanyar Mampong suna cikin trotro ne, ko tasi, ko pragya, ko a ƙasa. Kowace ƙofar mota da aka buɗe a bakin titi yanka ce a hanyar masu tafiya a ƙasa, kuma motar da ke son juyawa hagu ta shiga sai ta tsayar da duk na bayanta. Idan layin cikin gida ya cika da yamma, sauran motocin a kan kwalta za su jeru. Ɗan makaranta da tsohuwa mai zuwa asibitin gwamnati na Tafo su ne za su riƙa ratsa tsakanin motoci. Haka ma masu ɗauke da gawa zuwa maƙabarta, da sahun Juma'a da kan fito har bakin titi.

Na biyu ruwa. Filin da aka malale da siminti ba ya shan ruwan sama, sai ya tura shi kwata. Kogin Aboabo yana tasowa ne daga wajen Pankrono, ya bi ta Moshie Zongo da Aboabo, unguwannin da suka san ambaliya duk damina. Abin da aka amince da shi a tudu, na gangare ne ke kwana a tsaye saboda shi, kuma su suna wata ƙaramar hukumar, ba su da ko kansila a teburin da aka yanke hukuncin. Ga kuma maiƙon suya da ke toshe magudana idan ba a sa matattararsa ba, da leda da robar da iska ke kwashewa.

Na uku wuta. Da yawa daga irin waɗannan gidajen abinci a Ghana suna cikin harabar gidan mai. Ƙasar ba ta manta da daren 3 ga Yunin 2015 ba, lokacin da ambaliya da gobara suka haɗu a gidan mai na Kwame Nkrumah Circle a Accra, mutum fiye da 150 suka rasu, ko fashewar tashar gas ta Atomic Junction a Oktoban 2017. Haɗa kicin mai tukunyar gas da famfon fetur a tsakiyar gidajen haya abu ne da ya kamata a duba da idon basira.

Na huɗu, wanda ya fi taɓa zango kai tsaye, shi ne abincin bakin titi. Abincin da Ghana ke alfahari da shi a yau, da yawansa daga murhun matan zango ya fito. Sunan waakye daga wake ne. Koko da ƙosai, tuwon zafi da ake kira TZ, tsiren da ake kira chichinga, fura, masa, pinkaso, duk suna ɗauke da sunayensu na Hausa har a bakin wanda bai taɓa jin Hausa ba. Hajiya mai waakye ba ta tsoron gasa da soyayyar kaza, domin farashinsu da masu sayensu sun bambanta. Abin da take tsoro shi ne wurin zama. Teburinta yana kan filin da a taswira sunansa gefen hanya, ba ta da takardar komai sai tikitin da take biya kullum. Ranar da aka ce ƙofar shiga za ta bi ta nan, ba ta cikin waɗanda doka ta tilasta a biya diyya. Tebur ɗaya kuwa yana ciyar da mai niƙa, da mai itace, da yarinya mai wanke-wanke, da mahaucin da ke kawo nama.

Akwai masu kawo maganar lafiya. Jaridar New York Times ta yi dogon rahoto a 2017 kan ƙaruwar ƙiba a Ghana da shigowar abincin gaggawa, kuma a 2023 majalisar dokoki ta sa harajin kashi 20 cikin 100 a kan lemukan kwalba masu sukari. Akwai masu tambayar halaccin yankan kajin, ganin cewa mafi yawan kazar da ake ci a Ghana daskararriya ce daga waje. Duka biyun tambayoyi ne masu nauyi, amma kwamitin tsara filaye ba shi ne mai amsa su ba. Wanda ya je gabansa da su kaɗai zai dawo hannu rabbana.

Abin da ya faru a wasu wurare

Ƙaramin garin Dolus da ke tsibirin Oléron a Faransa misali ne mai amfani. Magajin garin, Grégory Gendre, ya ƙi ba McDonald's izinin gini tun daga 2014, jama'a da dama kuma suna bayansa. Kamfanin ya kai ƙara, kotun Poitiers ta umarci a ba da izinin a 2017 tare da tarar kowace ranar jinkiri, kotun ɗaukaka ƙara ta Bordeaux ta tabbatar a 2018, aka buɗe gidan abincin a ƙarshen 2019. Garin ya sha kaye ne domin ƙin da ya yi bai sami madogara a rubutaccen tsarin garin ba.

Birnin Minneapolis na Amurka ya bi wata hanyar. A Agustan 2019 ya gyara dokar tsarin gari, ya hana buɗe sababbin tagogin saye-daga-mota a ko'ina, saboda hayaƙi da hayaniya da lafiyar masu tafiya a ƙasa. Tsarin birnin Landan na 2021 kuma ya hana sababbin shagunan soye-soye a cikin tazarar mita 400 daga ƙofar makaranta. A waɗannan wurare biyu an rubuta ƙa'idar tun kafin mai neman izini ya zo, shi ya sa ta tsaya.

A yankinmu labarin ya fi karkata ga tashin mutane. A 2016 hukumomin Yamai sun rushe shaguna da rumfunan bakin manyan tituna. A Yulin 2021 an kwashe 'yan albasar Agbogbloshie a Accra, waɗanda da yawansu 'yan Nijar ne da 'yan arewa, zuwa Adjen Kotoku a bayan gari. A 2024 hukumar Abidjan ta rushe unguwanni irin su Gesco da Boribana. A Kumasi kanta KMA ta hana pragya shiga tsakiyar kasuwa a 2023, a 2025 kuma ta ba masu kasa kaya a gefen titi wa'adin tashi. Dalilan sun bambanta, wasu ma suna da hujja, amma a ko'ina wanda ba shi da takarda shi ne na farkon tashi. Ga zuriyar da ke tuna dokar korar baƙi ta Nuwamban 1969 a zamanin Busia, wannan ba sabon karatu ba ne.

Hujjar da kwamiti ke ji

Dokar 925 ta tanadi tsarin gari hawa uku, na ƙasansu shi ne taswirar unguwa da ke nuna kowane fili da abin da aka ware shi dominsa: zama, kasuwanci, makaranta, ibada, hanya. Idan filin na zama ne, sai an nemi canjin amfani kafin a yi gidan abinci, kuma wannan mataki yana bukatar sanar da jama'a. Nan ne wurin da ya fi dacewa a yi magana. Dokar 936 ta ba mazauna damar kai koke a rubuce, ta wajabta wa hukuma ta amsa, ta kuma ambaci shigar da tsiraru cikin harkokin ƙaramar hukuma. Kowace asambili tana da kwamitin sauraron ƙorafi a ƙarƙashin shugaban zaman majalisa. Dokar samun bayanai ta 2019, mai lamba 989, ta ba mutum damar neman takarda daga ofishin gwamnati, a ba shi amsa cikin kwana 14. Baƙon da ba shi da katin zaɓe ba zai zaɓi kansila ba, amma ba abin da ya hana shi sa hannu a takardar koke ta ƙungiyar 'yan kasuwa ko kwamitin masallaci.

Tun da kwamitin yana da ikon amincewa bisa sharaɗi, abin da ya fi yiwuwa a samu shi ne sharuɗɗa masu kyau. Layin motoci ya kasance duka a cikin harabar, a faɗi adadin motocin da zai ɗauka. Ƙofar shiga ta yi nesa da mahaɗar hanya da wurin tsayawar trotro da ƙofar makaranta. A bar wa masu tafiya a ƙasa hanyarsu a miƙe. A nuna inda ruwan sama zai bi da girman magudanar, a sa matattarar maiƙo. A ƙayyade ƙarar janareto da lasifika da dare, da lokacin da manyan motoci za su sauke kaya. A ƙidaya masu sana'ar da ke gaban filin tun kafin a fara aiki, a nuna musu wurin komawa a kusa, a rubuta shi a cikin takardar izinin. Alkawarin ɗaukar 'yan unguwa aiki ma a sa shi a rubuce, da sa hannun kansila, domin alkawarin baki a ranar aza harsashi ba ya kai wa ranar buɗewa.

Sharaɗi kuma sai da mai bibiya. Duk wanda ya zaga biranen Ghana ya ga jan fentin hukuma a jikin gine-gine, mai cewa a dakata da aiki a kawo takardar izini, ya kuma ga yadda bene ke ci gaba da hawa a saman rubutun. Shi ya sa doka ta tanadi takardar shaidar kammala gini kafin a shiga a fara aiki. A wannan gaɓa ce maƙwabta za su iya tambaya ko an cika abin da aka rubuta.

Asusun Raya Zanguna da aka kafa da doka mai lamba 964 a 2017 ya yi ajujuwa da magudanu da filayen ƙwallo a wurare da dama, ma'aikatar da aka yi domin zanguna kuma an rufe ta a 2021. Aikin da zai fi daɗewa, ko da ba ya ɗaukar hoto, shi ne taimaka wa gidajen gado su yi rajistar filayensu, da tabbatar da cewa maƙabarta da filin idi da makarantun allo da wuraren masu abinci sun fito ɓaro-ɓaro a taswirar unguwa.

An yi zaɓen kansiloli da kwamitocin unguwa na ƙarshe a Disamban 2023, ana sa ran na gaba a 2027. Zaɓe ne da mutane kan yi wa riƙon sakainar kashi, fitowar masu ƙuri'a ba ta kai ta zaɓen shugaban ƙasa ko kusa. Amma daga cikin waɗanda ake zaɓa a ranar ne ake ɗaukar masu zama a kwamitin da zai ce a buɗe ƙofar mota a gaban gidanka ko a matsar da ita. Hausawa sun ce tun ran gini, ran zane. A Tafo, da Sabon Zongo na Accra, da Briqueterie ta Yawunde, da Zongo na Kwatano, abin da ya kamata shugabannin unguwa su fara nema shi ne kofin taswirar unguwarsu daga ofishin ƙaramar hukuma, su zauna da matasa masu karatu su duba abin da aka rubuta a kan kowane fili.